Harsashin Tankar Yaƙi: A Ingila Ana Gyara Shi, a Borno Ana Ɗora Shi Kan Sikeli

A Ingila akwai mutanen da ba su da abin kashe wa kuɗi da lokacin hutu sai tsofaffin kayan soja: hular kwano, lambar girma, taswirar fagen daga, har da harsashin tankar yaƙi wanda babu nakiya a cikinsa. Suna da kasuwanni masu ci Asabar da Lahadi, da dillalai, da masu gwanjo. Duk bazara dubban mutane kan yi tururuwa zuwa gidan tarihin tankoki na Bovington a gundumar Dorset, inda aka ajiye Tiger 131, tankar Jamus da sojojin Birtaniya suka kama a Tunisiya a 1943, wadda har gobe injinta yana tashi. Bahaushen da ya tarar da wannan zai ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. Ƙoshin yana nan, amma akwai wani abin da ya fi shi muhimmanci.

Wani dattijo da muke unguwa ɗaya a gefen Manchester, tsohon makaniki, yana da harsashin da suke kira mai fam 17. Bindigarsa ce Birtaniya ta ɗora a kan tankar Sherman ta Amurka, aka raɗa mata suna Firefly, aka shiga da ita Normandy a 1944. Faɗin bakin bindigar milimita 76.2 ne. Kan harsashin dunƙulen ƙarfe ne zalla mai nauyin kusan kilo 8, an ƙera shi ya huda jikin tanka da ƙarfin gudu kawai, don haka tun asali ba a zuba masa nakiya ba. Kwanson tagulla ne, fanko, ana iya haska tocila a ga ƙasansa.

Da ya sayo shi, kan ya ci tsatsa, kwanson ya yi duhu. Injin gurza yana rataye a garejinsa, amma bai ko dube shi ba. Ya sami bokitin roba, ya zuba ruwa da sodar wanki, ya haɗa da cajar batir da wani guntun ƙarfe, wutar ta riƙa ɓamɓare tsatsar a hankali ba tare da ta ci lafiyayyen ƙarfen ba. Bayan kwanaki ya tsamo shi, ya bi da burushi mai laushi, ya busar, ya shafa kaki don kada iska ta sake kama shi. Kwanson kuwa ruwan ɗumi da tsumma kawai ya gani. Na ce masa, "Baba, ai da ka goge shi ya yi ƙyalli." Sai ya juya shi ya nuna mini gindin: shekarar da aka ƙera shi, alamar masana'anta, da 'yar kibiyar nan da gwamnatin Birtaniya ke bugawa a kan kayanta. Ya ce duk gugar da aka yi, wani abu na wannan rubutu yana tafiya, kuma ba ya dawowa.

A wurin masu tara irin waɗannan kaya, harsashi takarda ce da ake karantawa. Akwai zoben jan ƙarfe kusa da gindin kan: in yana da zane-zane, an harba shi, layukan cikin bindiga ne suka bar shaidarsu; in sumul yake, bai taɓa fita ba. Fenti ma magana yake yi, domin baƙi alamar mai huda ƙarfe ne, masu fashewa kuwa launinsu daban. A nan suke da saɓani mai zafi. Wasu kan kankare komai su sake fenti da rubutu har ya zama kamar yau ya fito daga masana'anta. Wasu sun ce ragowar fentin asali, ko da tafin hannu ne, ya fi sabon fenti daraja. Ni ina bayan na biyun. Wanda aka sabunta ya fi kyau a ido, amma hannun mai gyara kake gani, ba hannun matan da suka yi aikin dare a masana'antun makamai lokacin yaƙin ba.

Sai dai duk wannan yana tsaye ne a kan ƙa'ida ɗaya: mai tarawa ba ya kwance harsashi da kansa. Yana saye ne daga dillalin da zai nuna masa cewa fanko ne, sau da yawa har da takardar shaida. In kuwa a gona aka tono shi, ko aka tarar da shi a cikin kayan mamaci ba a san asalinsa ba, 'yan sanda ake kira, su kuma su kira sojojin kwance bam.

Ƙetare teku kaɗan, a yammacin Beljiyam, abin ya sha bamban. A gonakin da ke kewaye da Ypres, garma tana ci gaba da tono harsasan igwa na yaƙin 1914 zuwa 1918, wasu da gubarsu a ciki, har mutanen wurin suna kiran abin girbin ƙarfe. Manomi yakan ajiye abin da ya tono a bakin hanya, motar DOVO, rundunar kwance bam ta ƙasar, ta bi ta kwashe zuwa sansaninta na Poelkapelle a lalata. Abin da suke kwashewa a shekara ya haura tan 100. A watan Maris na 2014 irin wannan harsashi ya kashe ma'aikata biyu a wani wurin gini a Ypres, shekara ɗari bayan fara yaƙin. Mutumin da ya tashi a can ba ya yi wa tsatsa kallon tsufa, don ya san tana iya rufe abin da ke da rai. Amma ko shi yana da inda zai kira, kuma ana zuwa.

A gida fa? A Borno da Yobe, inda aka shafe shekaru tun 2009 ana ɓarin wuta, ƙarfen yaƙi yana da farashi, kuma da kilo ake sayensa. Yaron da ke yawon gwangwan da buhu da maganaɗisu ya san tagulla da jan ƙarfe sun fi baƙin ƙarfe tsada nesa ba kusa ba. Zoben nan da dattijon Manchester yake karantawa da tabarau, shi ne yaron zai sa guduma ya ɓalle. An sha jin labarin yara da 'yan gwangwan da abin da suka tsinto ya tashi da su. Ba rashin hankali ba ne. Yunwa ce, ga kuma rashin wanda zai tsaya tsakanin ƙasa da hannun yaro. A 2023 Gwamna Babagana Zulum ya haramta yawon tsintar ƙarafa a jihar Borno, bayan 'yan tada ƙayar baya sun yi ta kashe masu shiga daji neman ƙarafan. Ƙungiyar MAG, wadda hedikwatarta ke nan Manchester, tana cikin masu bin sansanoni da ƙauyuka a arewa maso gabas suna koya wa mutane gane abin da bai fashe ba. Aiki ne mai kyau, amma faɗa wa yaro kada ya taɓa ba ya cika masa ciki.

Abin da nake ganin ya kamata a ɗauko daga Beljiyam shi ne lambar da manomi zai kira ba tare da tsoron a ce shi ɗan Boko Haram ne ba, da motar da za ta zo da gaske. Daga Ingila kuma a ɗauko ilimin karanta ƙarfen, a kai shi inda ya fi amfani, wato wurin masu sikeli. Duk abin da yaro ya tsinto a hannunsu yake ƙarewa. Dillalin gwangwan da ya iya bambanta kwanso fanko da kan da bai tashi ba, aka kuma ba shi ɗan lada in ya kai rahoto maimakon a kama shi, zai hana yaransa kawo irin wannan kaya tun daga daji. Abin da sojoji suka tantance babu haɗari a cikinsa kuma, kada a narkar da shi duka. Yaƙin basasar Najeriya ya ƙare a 1970, aka kafa gidan tarihin yaƙi na Umuahia a 1985, kuma kayan da aka adana ne suka cika shi. Maiduguri ma za ta buƙaci nata.