Kwanan Mota Iri-Iri Ne

Mu mutanen Miskin, a nan Kilomita Biyar, kwanan mota ba baƙonmu ba ne. Mun saba ganin direbobin kamiyo daga Duwala sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, ga buta a gefe.

Wasu kuwa sana'ar sinima ce ke kai su. Bafaranshen nan Jean Rouch ya daɗe yana yawon ɗaukar fim a Nijar. A fim ɗinsa na 1974, Cocorico Monsieur Poulet, Damure Zika da abokansa biyu sun shiga ƙauyuka sayen kaji cikin wata tsohuwar Citroën, nan ci, nan kwana. A 2004 hatsarin mota ya yi ajalin Rouch kusa da Birnin Ƙonni.

Namu kwanan motar daban ne. A 2014 dubban 'yan'uwanmu suka cika kamiyo, wasu ta Buwar zuwa Garwa-Bulai, wasu zuwa Cadi, neman tsira da rai. Yawancin yaran da muke koyarwa yau ba a ma haife su ba a lokacin.

To, samarinmu masu wayar ɗaukar hoto, ku bi hanyar nan, ku ɗauki maganar dattawa tun suna raye. Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.