Ƙanena Mai Gaggawa

Zan ba ku labarin ƙanena, domin kusan kowane gari akwai irinsa.

Tun yana yaro ba ya zama wuri ɗaya. Malamin makarantar allo har ya gaji da dukansa. Muka ce in ya girma zai natsu. Ya girma, ya yi aure, amma hali yana nan. In ya hau moto sai gudu kamar ana korarsa. Wata ranar kasuwa ya sayar da damin gero 5, ya zuba kuɗin a caca. Da dare yana kuka, yana ce mini: "Yaya, wallahi sai da na gama na tuna da yara." Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce rashin tarbiyya. Ni kuwa na yi wata 3 ba na yi masa magana.

Da ya faɗi da moto ya karye, aka tura mu wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya yi ta tambayar yarintarsa, sannan ya ce matsalar rashin natsuwa ce, wadda ake kira TDAH da Faransanci. Tana farawa kafin shekara 12, kuma sau da yawa gadonta ake yi. Cikin manya 100, mutum 2 ko 3 suna da ita.

Ku dubi amalanke a gangara. Gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, shi ne birkin mutum, shi ke cewa "dakata, yi tunani". Ga mai wannan matsala birkin ba ya kamawa da wuri. Jira yana yi masa wuya, don haka dalar yau ta fi masa jakar gobe. Zaman shiru yana gundurarsa, sai ya nemi abin da zai motsa shi: gudu, caca, taba ko tramol.

Da na ji haka, kunya ta kama ni. Yanzu, da yardarsa, kuɗin gero suna hannun matarsa. Ba ya sayar da komi sai ya kwana ya yi shawara. Yana sa hular kwano, yana komawa wurin likita, domin akwai magani da shawarwari masu taimako.

Ɗan'uwa, in akwai irinsa a gidanku, kada ka yanke shi. Ka kai shi likita tun kafin hanya ta ci shi.