Daddawar Inna da Almakashin Bakteriya

Ni a Gummi aka haife ni, kuma kakata, wadda muke kira Inna, da kuɗin daddawa ta sa ni makaranta. Takan dafa kalwa wuni guda, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa, sa'an nan ta zuba a kwando ta rufe har kwana uku. In na matsa a buɗe, sai ta ce, "Ɗan nan, bari gaugawa, komi da lokaci nai." A lokacin ba abin da nake jin kunya kamar warin da ke bin rigata zuwa aji.

Sai da na zo jami'a na san wanda yake yi wa Inna aiki a cikin kwando. Wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Bacillus subtilis, wadda Odunfa na Jami'ar Ibadan ya nuna a 1981 cewa ita ke ruɓar da kalwa. To, yaya take tsira daga zafi da rani? Tun 1876 Ferdinand Cohn na Jamus ya ga cewa takan dunƙule ta zama ƙwallo mai taurin ɓawo, ta yi barci.

Idan abinci ya ƙare, sai ƙwayar ta raba kanta ɗaki biyu, watau uwa da ɗa. Aikin yakan ci kamar awa 8, kuma dole a buɗe ƙwayoyin gado bi da bi. Masu buɗe su wasu furotin ne da ake kira sigma. Abin mamaki, uwa takan ƙera sigma-E tun da wuri, amma da ɗan wutsiya wanda ya hana shi aiki. Sai ɗan ya aiko da saƙo cewa an gama bango, sa'an nan wani sinadari mai yanka furotin, mu ce almakashi, ya datse wutsiyar. Patrick Stragier da abokansa a Faransa suka bayyana wannan almakashi, SpoIIGA, a 1988. Can gaba, bayan uwa ta haɗiye ɗan cikinta, sai wani almakashin, SpoIVFB, ya yanke wutsiyar sigma-K, aikin ɓawo ya kankama. In yankan ya riga lokacinsa, ƙwallayen da ake samu ba su da yawa, kuma ba su da ƙwari. Abin da aka yanke kuwa ba ya komawa. Daga ƙarshe uwa ta fashe ta mutu, ɗa ya fito.

'Yan'uwana ɗalibai, ran da malaminmu ya zo nan, kasa rubutu na yi. Inna ta rasu ban gaya mata cewa na daina jin kunyar warin nan ba. Allah Ya jiƙan ta, amin.