Makindye, unguwar da ake haɗa maganin raɗaɗin masu jinyar ƙarshe

A wannan makon za mu leƙa Kampala, babban birnin Yuganda, don mu ga yadda suke kula da majinyacin da likita ya ce ciwonsa ba mai warkewa ba ne.

Idan jirgi ya sauke ku a Entebbe, bakin Tafkin Victoria, tafiyar kimanin kilomita 40 ce zuwa Kampala. Gari ne na tuddai da jar ƙasa, ga ayaba ko'ina, ga 'yan acaɓa da suke kira boda-boda. A kudancin birnin akwai unguwar Makindye, inda cibiyar Hospice Africa Uganda take. Dakta Anne Merriman, 'yar Liverpool ta Ingila, ita ta kafa ta a 1993, kuma kafin nan ta yi shekaru tana aikin likita a kudu maso gabashin Najeriya.

Wanda ya je yana sa ran ganin gidan tsofaffi irin na Turai, gado na bin gado, zai yi mamaki. Yawancin majinyatan suna gidajensu. Ma'aikatan jinya ne ke shiga mota su bi su unguwa-unguwa, su duba su, su koya wa 'ya'ya da matan gida yadda ake juya mara lafiya don kada kwanciya ta yi masa gyambo, da yadda ake ba shi magani. Wannan ya yi daidai da al'adarmu, domin mu ma abin kunya ne a ce an kai uwa ko uba wani gida an ajiye.

Ɗakin da ya fi jan hankalin mai irin sana'ata shi ne inda ake haɗa mofin na ruwa. Garin mofin ake narkawa a tsabtataccen ruwa, a zuba sinadarin hana lalacewa, a sa launi, sannan a ɗura a kwalba. Kore shi ne mai sauƙi, ruwan hoda mai ƙarfi, ta yadda ko wanda bai iya karatu ba ba zai rikita su ba. A farkon aikin, gorunan ruwan sha ake wankewa a zuba. Gwamnati ce ke biyan kuɗin, majinyaci yana karɓa kyauta idan an rubuta masa. A 2004 kuma Yuganda ta gyara doka, ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman damar rubuta shi, saboda likitoci ba su wadata a karkara ba.

Ga yadda ake amfani da shi. Ta baki ake sha, duk bayan awa huɗu, da agogo, ba sai ciwo ya taso mutum yana ihu ba. Ana farawa da kaɗan, a ƙara a hankali har raɗaɗi ya kwanta. Kusan duk mai shan sa yana samun taurin bayan gida, don haka tare da maganin sassauta ciki ake bayarwa. Tashin zuciya da yawan barci na kwanakin farko sukan ragu. Ciwon daji da ya fashe yana wari kuwa, ma'aikatan kan niƙa ƙwayar metronidazole su barbaɗa, warin ya ja baya, dangi su sake iya zama kusa da nasu.

Na san abin da ke ranku. Mun ga ɓarnar da tiramol da kodin suka yi wa matasanmu, har gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Tsoron yana da dalili. Sai dai mofin da ƙwararre ya auna daidai da ciwo ba ya gaggauta ajali, kuma da wuya ya zama jaraba ga mai irin wannan jinya. Kulle shi a kabad da rubuta duk abin da ya fita shi ne aikinmu. Hana shi ga dattijuwar da ciwon daji ya kama mata ƙashi zalunci ne.

Irin wannan kulawa akwai ta a nan gida. Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe sashenta a 2007, wasu manyan asibitocin ma sun bi sahu. Idan an ce muku ku koma gida da majinyacinku, kada ku fita sai kun yi tambaya: akwai sashen sassauta raɗaɗi a nan? Wane magani za a ba shi na ciwo, ƙarfe nawa da nawa? Wa za mu kira idan ciwon ya tsananta da dare? A gida kuma mutum ɗaya ya riƙe maganin, a ɓoye shi daga yara, wanda ya rage a mayar wa asibiti.

Wanda ba ya cikin azaba shi ke iya cin abinci, ya yi ibadarsa, ya bar wasiyya, ya yafe a yafe masa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.