Firem ɗin hoto: Ado a gaba, ɓarna a baya

Kusan duk falon da ka shiga a biranenmu za ka tarar da hoto a bango: na aure, na saukar karatu, na dawowa daga aikin Hajji, ko na wani dattijo da ya riga mu gidan gaskiya. Idan muka je wurin mai firem, bakin katakon muke dubawa, ko mai ruwan zinare ne, ko mai faɗi ne, ko ya dace da kujeru da labule. A kan wannan ake ciniki, a kansa ake rabuwa. Amma abubuwan da ke yanke hukuncin ko jika zai ga fuskar kakansa guda uku ne, kuma da wuya ka ji an yi tambaya a kansu: takardar da aka wanke hoton a kai, gilashin da aka rufa masa, da yadda aka ɗaura shi a ciki.

Bari in fara da takarda. A gidanmu akwai hotuna biyu da suka shekara da shekaru a bango ɗaya. Na farko na kakana ne, baƙi-da-fari, tun shekarun 1960, har yau kana iya ƙirga aikin da ke wuyan rigarsa. Na biyu na auren yayata ne, mai launi, wanda bai kai rabin shekarun wancan ba, amma ya koɗe ya koma ja-ja-ja kamar an tsoma shi a ruwan goro. Dalili kuwa shi ne, hoton baƙi-da-fari da ƙwayoyin azurfa aka gina surarsa, ita kuma azurfa tana jure haske. Mai launi kuwa da rini uku aka yi shi, shuɗi-shuɗi da ja-ja da rawaya, kuma ba tare suke koɗewa ba. Da zarar shuɗin ya riga sauran gushewa, sai jan ya mamaye fuskar kowa. Wani Ba'amurke mai suna Henry Wilhelm ya wallafa littafi guda a 1993 a kan wannan matsala, bayan ya daɗe yana gwada takardun kamfanoni daban-daban a ƙarƙashin haske.

A yau da yawa daga cikin hotunanmu na'urar feshin tawada ce ke buga su. Ita ma tawadar iri biyu ce. Akwai mai narkewa cikin ruwa kamar rinin tufafi, mai ƙyalli da araha, mai saurin koɗewa. Akwai kuma wadda ƙananan ƙwayoyin garin launi ne ke zaune a kan takarda, ta fi tsada, ta kuma fi ƙarko nesa ba kusa ba. Kafin ka biya kuɗi, tambayi mai sutudiyo da wacce yake aiki. Araha ba ta ado.

Sai gilashi, kuma a nan ɓarnar ta fi yawa. Fuskar hoton da aka wanke da ruwan magani tana da wani siririn shafi na sinadarin jalatin, wanda ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi. Yana shan danshi ya kumbura ya yi danƙo, ya bushe ya ƙanƙance. Mu kuwa ƙasarmu ta haɗa yanayi biyu masu adawa da juna. A Kano, danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana a lokacin hunturu, a watan Agusta kuma ya haura kashi 70. Idan hoto yana manne da gilashi, damina ce za ta ɗaura musu auren da babu saki. Haka ta faru da hoton yayata. Ranar da gilashinsa ya tsage aka kai a sauya, sai aka tarar rabin fuskar mahaifiyarmu, wadda ke zaune kusa da amarya, ya zauna a jikin gilashin. Allah Ya ji ƙanta, hotunanta ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Maganin wannan bai kai kuɗin katin waya ba. Kwali ne mai ɗan kauri da ake yanka wa taga a tsakiya, a ɗora shi a kan gefen hoton, ya bar tazarar milimita 2 ko 3 tsakaninsa da gilashi. Mutane na ɗauka ado ne, alhali aikinsa shi ne ba hoto wurin shan iska. Na taɓa neman wani mai firem ya yi mini haka, ya dube ni ya ce, "Dakta, ai hoton zai ƙara ƙanƙanta, ga shi kuma babu mai nema." Na ce, "Malam, yi mini a hakan, zan biya." Ban ga laifinsa ba, abin da kasuwa ke nema shi ɗan kasuwa ke koya.

Shi kansa gilashin hawa-hawa ne. Na tagogi da aka saba sawa bai tare ko rabin hasken UV ba, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani amma yake cin launi. Akwai na musamman da ke tare kusan kashi 99 cikin 100, sai dai yana da tsada, kuma ko shi ba ya hana hasken da muke gani yin tasa ɓarnar a hankali. Akwai kuma na roba mai kama da gilashi, wanda nauyinsa kusan rabin na gilashi ne, ba ya kuma tarwatsewa idan ya faɗi. Ya dace da babban hoto ko gidan da ke da yara. Aibinsa a wurinmu shi ne yana jawo ƙura, idan kuma aka goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma sai ya yi zane-zane.

Na uku shi ne abin da ke bayan hoton, inda ido ba ya zuwa. Juya firem ɗin da ke ɗakinka ka duba. Sau da yawa kwalin sabulu ne ko na taliya, wani lokaci har da tsohuwar jarida. Irin waɗannan takardu daga ɓargon itace aka yi su ba tare da tacewa ba, suna tsufa suna fitar da asid, shi ya sa jarida ke yin rawaya cikin 'yan watanni. Wannan asid ɗin ne ke ratsawa ya ƙona hoton ta baya. Abin da ya dace shi ne kwali marar asid, wanda ya fi kyau shi ne na auduga. Idan bai samu ba, a shimfiɗa takardar zane marar asid, irin wadda ɗaliban zane-zane ke saye, tsakanin hoton da kwalin. Kada a shafa gam, kada a liƙa salatif, domin danƙonsa na barin tabon da ba ya fita. A yi 'yan aljihuna na takarda a kusurwa huɗu su riƙe hoton, ya samu damar miƙewa da tsukewa yadda yanayi ya juya. Sannan a rufe bayan firem ɗin ruf, saboda ƙura da kyankyaso da gara.

Akwai kuma gyaran gangar Abzinawa da ya zama ruwan dare: a liƙe tsohon hoto cikin leda da na'ura mai zafi, ko a manna shi a katako a malala masa roba mai sheƙi. Ga hoton da kake da kwafinsa a kwamfuta, babu damuwa. Ga wanda shi kaɗai ne a duniya kuwa, ƙa'idata ɗaya ce: kada a yi masa abin da ba ya warwaruwa. Abin da ya fi shi ne a ɗauki kwafinsa da na'ura, a buga sabo a rataye, a adana na asalin a ambulan marar asid cikin akwati, wuri mai duhu da sanyi. Wannan ya shafi har waɗanda ba sa rataye hoto saboda dalili na addini, domin su ma suna da na iyayensu a ƙarƙashin akwati, cikin leda mai tara gumi.

Wurin ratayewa ma abin dubawa ne. A guji bangon da ke fuskantar taga, da wanda ke tsatsafar ruwa da damina, da inda hayaƙin girki ko na turaren wuta ke tashi. Idan za a goge, a jiƙa tsumma, kada a fesa ruwa a gilashi ya gangara ciki.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan takarda? A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe sutudiyo a 1948, ya ɗauki dubban mutanen gari, ya kuma adana finafinan da ya ɗauke su da su. Saboda wannan adanar ne aka baje kolin aikinsa a Paris a 1994, kuma har yau masu bincike na karanta tufafi da kitso da zamantakewar wancan zamani a cikinsu. Mu ma an yi irin waɗannan masu hoto a Kano da Zariya da Kaduna, kuma yawancin abin da ya rage na aikinsu ba ya Gidan Makama ko Arewa House, yana bangon gidajenmu. Nakan tura ɗalibai su nemo tsofaffin hotuna don bincikensu, su dawo da waɗanda suka yi funfuna, ko waɗanda babu mai rai da ya san ko su wane ne a ciki.

Don haka kafin a rufe firem, a ɗauki fensir mai laushi, ba biro ba, a rubuta suna da gari da shekara a bayan hoton. Tun ran gini ran zane. Fuskar da ta zauna a jikin gilashi babu mai hoton da zai dawo da ita.