Abin Da Na Gani A Ikko

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, don in gaya wa 'yan'uwa labarin tafiyata Ikko, da abin da ya tsaya mini a rai tun da na komo.

Mun shiga tsibirin ta kan babbar gadar nan da aka gama a 1990, tsawonta ya ɗara mil 7. Ruwa dama, ruwa hagu, ga masunta cikin kwalekwale, ga gidajen katako a kafe bisa ruwa. Zafin ranarsu bai kai na Sakkwato ba, amma gumi ba ya bushewa, ko da mutum yana zaune a inuwa.

Kashegari mai masaukina ya kai ni Dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa, inda aka ɗaga tutar Nijeriya ran 1 ga Oktoba, 1960. Muka ƙarasa gidan kayan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe a 1957. A nan na ga baƙar motar da aka harbe Janar Murtala a ciki a 1976, ga hujin harsashi a jikinta. Na yi masa addu'a, na fito jikina a sanyaye. Da la'asar muka je bakin teku. Kai, jama'a! Ruwa ne iyakar ganinka, yana tasowa yana faɗuwa da ruri, ba ya hutawa. Na ɗanɗana, na ji gishiri zau.

A rana ta uku muka shiga kasuwar Balogun in yi wa iyali tsaraba. Atamfa da leshi har sun gundure ni da kallo. Wanda duk zai je, ya riƙe aljihunsa, kada kuma ya yi saurin cewa ya saya, gama turmin atamfar da na ɗauka sai da na rage kusan rabin kuɗin da aka fara sa mini.

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kasuwar Mile 12. Da na shiga, sai na ga kamar ina gida, Hausa kawai ke tashi. Ga tumatir daga Kano, ga albasa daga Aliero, ga attaruhu da tattasai, ana ta saukewa daga manyan motoci. Na yi murna da na ga gumin manomanmu ne ke ci da wannan babban birni. Amma murnata ba ta daɗe ba. A gefe guda na ga tsibin tumatir ya ruɓe, ƙuda na bi. Wani dillali ya ce mini kwandunan da ke ƙasa ne suke matsewa, bayan tafiyar fiye da mil 600 cikin rana, balle in mota ta lalace a hanya. Na fito ke nan sai ga kanti cike da tumatirin gwangwani, har da na ƙasashen waje.

Shin wannan ba abin kunya ba ne? Manomi ya kwana ban ruwa a fadama, wani rabo na wahalarsa ya ƙare a juji, alhali kuwa muna ba da kuɗi muna sayen na wasu. Ina kira ga attajiranmu da hukuma su taimaka da akwatunan roba maimakon kwando, da ɗakunan sanyi, da wuraren sarrafa shi kusa da gonaki. Malaman makaranta kuma su riƙa faɗakar da yara, don 'ya'yan manoman nan su ne a gabansu.

Wanda ya fi ni sanin maganin abin, ina so ya ba da amsa a wannan fili. Allah ya sa mu gyara, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Zariya.