Agogon Da Zai Shiga Teku Ya Kuma Hau Dutse

Yau ba ci gaban littafi na kawo muku ba, ku yi mini haƙuri zuwa mako mai zuwa, wata magana ce ta cikin gida ta tsaya mini a rai.

Akwai agogon da ake kira kwamfutar nutso, wanda masu shiga ƙarƙashin teku da tukunyar iska a baya suke ɗaurawa. Ƙanena da ke aiki a Jidda ya koyi wannan nutso a Bahar Maliya, har ya samu takardar matakin farko da ta ba shi damar sauka mita 18. Shi kuma mutum ne mai gudun safe da hawan dutse. Sai ya bugo waya wai agogo ɗaya yake so ya haɗa masa duka ukun, kuma in cika masa kuɗin. Na ce to, mai cika kuɗi ai yana da bakin magana, a ba ni mako guda in bincika.

Abin da na fahimta ya hana ni barci. Duk mita 10 da mutum ya sauka a ruwa, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya. Iskar da yake shaƙa kuwa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kuma dannewar nan tana tura ta cikin jini da tsoka ta narke. In ya taso a hankali sai ta fita ta numfashi. In ya yi gaggawa sai ta yi kumfa a jikinsa, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka ɓalle murfin. Daga ciwon gaɓoɓi, sai shanyewar jiki, wani ma sai dai gawa. Aikin agogon nan shi ne lissafin naitirojin ɗin: minti nawa suka rage maka a wannan zurfin, kada tasowarka ta wuce mita 9 zuwa 10 a minti, tsaya minti 3 a mita 5 kafin ka fito. Da yawansu suna aiki ne da lissafin wani likita ɗan Suwizalan, Albert Bühlmann, wanda ya wallafa shi a 1983.

Jama'a, agogon da ke ƙirga taku in ya yi kuskuren taku ɗari biyar wa ya mutu? Shi ya sa na ce masa mu fara da ruwa, gudu da dutse su biyo baya. Kuma rubutun mita 50 ko 100 da ake yi a bayan agogon kanti ba ya mai da shi na nutso, don bai san komai game da jinin mai shi ba.

Guda uku muka tattauna. Teric na kamfanin Shearwater, wanda ya fito a 2018, masu nutso suna yabon sa ƙwarai, amma ba ya bin sawun mai gudu ko mai hawan dutse, sai ya faɗi tun a zagayen farko. Shi yaron zuciyarsa tana kan Apple Watch Ultra na 2022, saboda kyau, kun dai san samari. Yana zuwa mita 40, wato iyakar masu nutson shaƙatawa, sai dai lissafin nutson yana cikin manhajar Oceanic+ ne da ake biya wa kuɗi lokaci-lokaci, batirinsa kuma awa 36 ne.

Ya ce, "Yaya, ai kullum ina cajin waya, meye a ciki?"

Na ce, "Waya in ta mutu a hannunka kana tsaye ne a ƙasa kana numfashi."

Na uku shi ne Descent G1 na Garmin, shi ma na 2022. Fuskarsa baƙi da fari ce, ba ta da wani armashi, gaskiya ko a ɗakin amarya ba za a yi ado da shi ba. Amma maɓallai ne da shi da ake dannawa ko hannu na cikin safa, yana kai kusan mako uku bai nemi caji ba, yana auna bugun zuciya da nisan gudu da tsayin dutse.

Sai ga wata magana da ta fi zaɓen agogon girma. Ashe al'adarsu shi da abokansa, in sun yi nutso ranar Juma'a, da yamma sai su hau mota zuwa Ɗa'ifa shan sanyi da hawan dutse. Ɗa'ifa kuwa tana can sama, wajen mita 1,800 daga bakin teku, inda nauyin iska ya ragu. Mutumin da bai gama fitar da naitirojin ba, hawa can kusan ɗaya yake da shiga jirgin sama. Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya kafin hawa jirgi, awa 18 in an yi fiye da ɗaya. Agogon yana nuna wannan ƙirga a fuskarsa. Ni a nan na ga amfanin agogo guda, tunda wanda ya shiga ruwa da shi shi ne dai a hannunsa lokacin da ake shirin tayar da mota, ba wanda aka cire aka jefa a jaka tare da kayan nutso ba.

Na tura kuɗin daga cinikin littafina na ƙarshe, da sharaɗin G1 zai saya, kuma Ɗa'ifa sai ranar da ƙirgar ta ƙare. Ya yi ta ƙunƙuni wai agogon tsofaffi ne. Hajiya dai har yau ta ɗauka iyo yake yi a bakin gaɓa, mu biyun kuma kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara faɗa mata.